Amsar Tambayarka Kan MrBeast da Kyamarar da Kuke Son Kawowa Wajen Rabon Abinci

Assalamu alaikum ɗana,

Tambayar da ka yi mini a taron shirin ciyarwar azumi, gaban iyayenka maza da mata, ta fi ƙarfin amsar tsaye, ga shi kuma an kira Magariba. Shi ya sa na ce zan rubuto. Ga waɗanda ba su samu zuwa ba: matasan ƙungiyarmu ta Tudun Wada sun kawo shawarar a riƙa ɗaukar bidiyon rabon hatsin da muke yi wa iyayen marayu, a ɗora a YouTube da TikTok, kuɗin da ya shigo a ƙara sayen abinci. Na ce ban yarda ba. Sai ka karɓi lasifika ka ce: "Hajiya, akwai wani Ba'amurke, MrBeast, ya biya an yi wa makafi dubu aiki sun ga gari, ya haƙa rijiyoyi ɗari a Afirka, duk daga kuɗin bidiyo. Da shi da yake nuna wa duniya, da mu da muke ɓoye hannu ba mu buɗe idon ko mutum ɗaya ba, wa ya fi amfanar talaka?"

In dai yawan waɗanda suka amfana ake magana, shi ya fi mu, nesa ba kusa ba. Na fara da wannan don kada a ce tsohuwa ce kawai ta tsani waya. Ba kuma zan ce riya yake yi ba, kamar yadda wasu suka yi ta gunaguni a bayanka. Riya a zuci take, ni kuwa ban taɓa buɗe ƙirjin wani na leƙa ba. Dalilina daban ne, kuma ba zai fito fili ba sai an san yadda sana'ar yaron nan take tafiya.

Sunansa na yanka Jimmy Donaldson. An haife shi a 1998, ya tashi a garin Greenville da ke jihar Karolina ta Arewa. Ya buɗe tasharsa a 2012 yana ɗan shekara 13, ya daɗe yana ɗora bidiyon wasannin kwamfuta ba mai kallo sai tsiraru. A 2016 ya watsar da karatun kwaleji saboda wannan harka, har mahaifiyarsa ta ce ya bar mata gida. Farkon 2017 ya zauna gaban kyamara yana ƙirga lamba tun daga ɗaya har 100,000, wajen awa 40. Ba ilimi a ciki, wahala ce zalla, amma ita ta fito da shi, don ɗan Adam yana son ganin iyakar wautar ɗan'uwansa. A shekarar ne wani kamfanin manhajar waya ya ba shi dala 10,000 kuɗin talla, shi kuma ya ɗauka ya damƙa wa wani marar matsuguni a bakin titi, kyamara na ɗauka. A nan ya gano abin da ya gina arzikinsa a kai. Kyauta a gaban kyamara tana tara ido, ido yana kiran masu talla, masu talla suna kawo abin da ya fi wanda aka bayar, sai a ƙara girman kyauta ta gaba. Bai taɓa ɓoye wannan ba, ya sha faɗa a hirarraki cewa abin da bidiyo ya kawo masa yakan zuba shi ne a na gaba.

Daga nan abin ya yi ta kumbura. A 2019 shi da abokinsa Mark Rober suka tara dala miliyan 20 don dasa itatuwa miliyan 20, a 2021 suka tara miliyan 30 don kwashe shara daga teku. A Yunin 2024 ya zarce kamfanin waƙoƙin Indiya T-Series, ya zama wanda ya fi kowa mabiya a YouTube, kuma a 2025 mabiyansa suka haura miliyan 400, wato sun fi mutanen Nijeriya gaba ɗaya.

Bari in tsaya a kan maganar makafi, don nan ne fagena. Ka san a ɗakin masu ciwon ido na yi aikin jinya har na yi ritaya. Bidiyon ya fito a Janairun 2023, kuma aikin da aka yi wa mutanen shi ne na yanar ido. Ana cire ɗan madubin cikin ido da ya yi hazo, a sa na roba a madadinsa. A hannun ƙwararren likita bai wuce minti goma zuwa sha biyar ba. Idan aka cire bandeji, tsohon da aka shigo da shi ana jan sanda sai ka ga ya tsura wa tafin hannunsa ido yana juya shi, sannan ya fara neman fuskar wanda ya rako shi. Kukan da ka gani a bidiyon nan na gaske ne, na san irinsa. An ɗan zuzuta a take da aka ce sun gani a karon farko, alhali mai yana yawanci ya taɓa gani kafin ta rufe shi, amma wannan ƙaramin laifi ne. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa cikin masu shekara 40 zuwa sama akwai makafi fiye da miliyan ɗaya, yana ce sanadin kashi 43 cikin ɗari, kuma kashi 84 cikin ɗari na makantar abin da za a iya karewa ne ko a warkar. Har yau a ƙauyukanmu akwai masu yawo da tsinke suna tura yanar cikin ido, su karɓi akuya su wuce, bayan wata biyu a kawo mana ido ya lalace ba yadda za a yi. Saboda haka wanda ya biya wa mutum dubu wannan aiki, ni ba ni da bakin zaginsa. Lokacin da aka yi masa ca a kan cewa ya mayar da makafi abin kallo, ya mayar da tambaya cewa me ya hana gwamnatoci yin aikin tun farko, kuma tambayar tana kan hanya.

Amma ka lura da cutar da aka zaɓa. Yana ita ce makantar da ke da lokacin mamaki: jiya duhu, yau haske, duk cikin daƙiƙar da kyamara za ta iya kamawa. A duk sansanin aikin ido da na taɓa zuwa, a layi ɗaya da masu yana akwai masu hawan jinin ido, waɗanda jijiyar ganinsu ta riga ta mutu. Su ma sun taho tun asuba da fata iri ɗaya, sai a duba su a ce Baba sai haƙuri, ga maganin ɗigawa har ƙarshen rayuwa don a tsare ɗan abin da ya rage. Wannan tsohon ya fi buƙatar taimako, don nasa kashe kuɗin ba ya ƙarewa, amma ba wanda zai kalli bidiyonsa har ƙarshe. Haka mai ciwon suga, haka mai taɓin hankali da aka ɗaure a ɗaki. Idan kuɗin taimako daga masu kallo yake fitowa, to masu kallo ne ke zaɓar wanda za a taimaka, ko mai kyamara ya so ko bai so ba.

Rijiyoyin ma haka. A Nuwamban 2023 ya fitar da bidiyon rijiyoyi 100 a Kenya, Kamaru, Somaliya, Uganda da Zimbabuwe, ya ce za su shayar da mutum kusan rabin miliyan. 'Yan Kenya da dama suka yi ta yi wa shugabanninsu ba'a cewa wani yaro daga waje ya yi musu aikinsu. Wata 'yar Laberiya, Saran Kaba Jones, wadda ta kafa ƙungiyar samar da ruwa ta FACE Africa, ta yaba masa, amma ta nuna takaicin cewa su sun shekara goma sha biyar suna wannan aiki ba mai waiwayarsu, kuma ta ce wahalar ba a haƙawa take ba, a riƙe rijiyar tana ba da ruwa take. Mu a Zariya ba sai an yi mana bayanin wannan ba. Zaga unguwanni daga Gyallesu zuwa Tukur-Tukur ka ƙirga burtsatsen da allon sunan wanda ya gina su ke nan tsaye, fanfon kuwa ya bushe, 'yan ga-ruwa suna wucewa ta gabansu da kurarsu. Ranar buɗewa an yi hoto an yanke kyalle. Ranar da injin ya ƙone ba a ga kowa ba. Ban ce nasa rijiyoyin sun mutu ba. Cewa nake, ranar haƙawa ce kaɗai ke sayuwa.

Sai kuma tambayar da ba ka yi ba: shi da me yake cin abinci? A 2022 ya kafa kamfanin cakulan mai suna Feastables. Kafar labarai ta Bloomberg ta ruwaito cewa a 2024 cakulan ɗin ya yi cinikin kusan dala miliyan 250 da ribar sama da miliyan 20, ɓangaren bidiyo kuwa ya yi asarar kusan miliyan 80. Ka taɓa tsayawa kallon gardawa masu wasa da kura a bakin kasuwa? Kura ba ita ake sayarwa ba, ciyar da ita ma asara ce. Aikinta ta tara jama'a, in da'ira ta cika sai a buɗe jaka a fito da layu da garin magani. A wajen MrBeast gasa da kyauta su ne kurar, cakulan ne maganin, kuma da yawa cikin masu tsayuwa a da'irar yara ne. Shi ya sa aka yi masa caa a 2023 da ya roƙi mabiyansa su riƙa gyara masa jerin cakulansa a kantunan Walmart idan sun ga ya hargitse, aka sake yi masa a 2024 da ya haɗa kai da wasu fitattun 'yan YouTube, Logan Paul da KSI, suka fito da Lunchly, abincin leda na 'yan makaranta, wanda masana abinci suka ce bai kai lafiyar da ake tallata shi da ita ba. Kasuwanci halal ne, ban ce komai ba. Sai dai duk wanda ya bayyana a cikin bidiyon, da mai gasa da makaho, yana cikin kayan aikin wannan kasuwa.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne gasar Beast Games da ya shirya wa kamfanin Amazon, wadda aka fara nunawa a Disamban 2024, mutum 1,000 suna neman dala miliyan 5. A zagayen tacewa da aka yi a wani filin wasa a Las Vegas a Yulin shekarar, da mutum kusan 2,000, jaridar New York Times ta ruwaito ƙorafin mahalarta cewa abinci bai ishe su ba, an jinkirta ba wasu magungunansu, wasu sun ji rauni. A Satumba biyar daga cikinsu suka kai ƙara kotu a Los Angeles. Masu shirin suka ce matsalar kwamfutoci da ta shafi duniya a makon da kuma yanayi mai tsanani ne suka dagula musu tsari. Zargi ne da kariya, ni ba alƙaliya ba ce. Abin da na ɗauka shi ne, mutumin da ke da lauyoyi da ma'aikata ɗaruruwa da kuɗin Amazon a bayansa bai tsira daga wannan ba, domin sana'ar a kullum tana neman na gobe ya fi na yau girma da tsanani.

Yanzu mu dawo gida mu yi lissafi, tunda kai ɗan boko ne. Kafin YouTube ta fara raba kuɗin talla da ku sai kun tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. In kun kai, kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan ne naku. Kuma mai talla ba ya biyan kuɗi ɗaya a kan idon Ba'amurke da idon ɗan Samaru, namu ya fi araha ƙwarai, don ya san abin da ke aljihunmu. MrBeast in yana son ƙarin masu kallo sai ya ƙara kuɗi: jiya mota, yau gida, gobe tsibiri. Ku fa, da za ku raba kwano biyu na gero da ɗan sukari, me za ku ƙara? Ba abin da ke hannunku da za ku iya ƙarawa sai tausayi. Sai a matso da kyamara kusa da fuska. Sai a ce Mama gaya mana yaushe rabonku da ɗora tukunya. Sai a leƙa ɗakin a nuna tabarmar da rufin da ke yoyo. Ba don kuna da mugun nufi ba, na san tarbiyyarku, sai don bidiyon da aka yi kuka a ciki zai fi wanda ba a yi ba masu kallo, ku kuma kuna ganin alƙaluman kowace safiya. Mun riga mun ga irinsa a wayoyinmu: saurayi ya riƙe ambulan bai saki ba sai da tsohuwa ta durƙusa, almajiri an tsayar da shi yana jero addu'a da sunan mai tasha kafin a ba shi biredi.

Akwai kuma bambancin wuri. Wanda aka nuna a Amurka baƙo ne ga kusan duk masu kallonsa. Matar da za ku nuna a Tudun Wada kuwa kafin Isha'i bidiyonta ya kai WhatsApp ɗin dangin mijinta a Ƙofar Doka. Tana da budurwa da ake neman aure, dangin saurayi za su gani. Tana da ɗa a sakandare, gobe abokansa sun laƙaba masa suna. Geron zai ƙare kafin Sallah, bidiyon kuwa yana nan har yaron ya yi gemu. Za ka ce ai sai mun nemi izininta. Ɗana, macen da yaranta suka kwana da yunwa, ga buhu a gabanta ga waya a hannunka, wace amsa take da ita ban da to? Na sha karɓar sa hannun marasa lafiya kafin a shiga da su tiyata, kuma abin da aka koya mana shi ne yardar wanda ke tsoron a hana shi magani in ya ƙi ba yarda ba ce.

Ta fuskar addini kana da hujja, kuma ba zan ɓoye ta ba. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta ce bayyana sadaka abu ne mai kyau, ko da yake ɓoye ta a kai wa matalauta ya fi. A Sahihu Muslim akwai labarin mutanen Mudar da suka zo Madina cikin tsananin talauci, Annabi (SAW) ya tara jama'a ya kwaɗaitar, wani Ba'ansare ya kawo ƙunshin da hannunsa ya kasa ɗauka, mutane suka gani suka biyo baya, har aka faɗi ladan wanda ya fara sunna kyakkyawa. Don haka bayarwa a fili don wasu su yi koyi tana da asali. Amma a surar dai, aya ta 264 ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, sannan aya ta 273 ta siffanta mabuƙatan da wanda bai sani ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kai, ba sa naci wajen roƙo. Malamanmu sun fi ni sanin tafsiri, ni abin da na sani shi ne waɗannan mutane suna cikin littafin kwamitinmu. Akwai matar da mijinta ya rasu yana malamin makaranta, har yau in za ta fita sai ta goge mayafinta tsaf. Akwai dattijon da ya taɓa riƙe shago a Sabon Gari. Irin waɗannan bayan Isha'i ake kai musu, ta hannun mace ɗaya, a ajiye a zaure. Ranar da aka ji cewa ƙungiyarmu tana zuwa da kyamara, za su aiko a ce an gode, Allah Ya rufa asiri, a ba wasu. Su kwana da yunwarsu. Layinmu kuma ya cika da waɗanda suka saba da kyamara, masu zagaya duk inda ake rabo.

Ban ce ku ajiye wayoyinku ba. Akwai abin koyi a wajen MrBeast wanda ba kuka ba. Ya yi shekara biyar ba mai kallonsa bai daina ba. Manyan ayyukansa kuma bai yi su shi kaɗai ba: itatuwan ƙungiyar Arbor Day Foundation ce ta dasa, aikin idon kuwa da likitoci da ƙungiyar SEE International aka yi. Ku ɗauki cinikin hatsi a kasuwa da yadda kuka yi ta ja-in-ja da dillali. Ku ɗauki awo da ɗaurin leda, da ku kanku kuna sauke buhu kuna zufa da azumi a baki. Ku karanta lissafi a fili, nawa ya shigo nawa ya fita, ku nuna rasit, wannan kaɗai zai sa 'yan Zariya da ke Legas da Abuja da ƙasashen waje su amince su turo, don abin da ke hana su ba rashin tausayi ba ne, tsoron a cinye ne. Amma kyamara ta tsaya a bakin layi. Ba fuskar mai karɓa, ba ƙofar gidansa, ba yaro ko ɗaya.

Maganar da ka yi cewa ba mu buɗe idon kowa ba kuwa, na karɓe ta a matsayin aiki. Bayan Sallah ku bi gida-gida tare da mai unguwa ku rubuta tsofaffin da ganinsu ya dushe. Zan zauna in duba su da tocila in ware waɗanda alamar yana ce, mu kai su asibitin koyarwa na Shika ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna likita ya tabbatar. Sai a yi kasafin komai, ba kuɗin aiki kaɗai ba: mota zuwa da dawowa, maganin ɗigawa na makonni, komawa ganin likita, da wanda zai riƙa ɗiga wa tsohon da ke zaune shi kaɗai. Masu hawan jinin ido da za mu tarar, su ma a buɗe musu shafi. In bayan wata guda wani cikinsu ya warke, ba ya jiran komai daga gare mu, ya ce da bakinsa yana son ya yi magana don tsofaffi irinsa su daina tsoron asibiti su guji masu tsinke, to a nan ka kawo kyamararka, ni zan riƙe maka fitila.

Kwamiti zai zauna ranar Asabar bayan La'asar. Ka zo da abokanka da kuka kawo shawarar, da kuma wanda ya fi iya lissafi a cikinku. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.

Wassalam,
Uwarku a kwamitin marayu,
Tudun Wada, Zariya.